Shitu Mai Gem da Taubashinsa na Kibiya

Shitu haifaffen Saji ne, amma a cikin garin Rano aka fi saninsa, a wani shago mai rufin kwano da ke bayan tasha, inda samari ke taruwa da yamma suna buga ƙwallo a talabijin. Mutum ne dogo, siriri, ba mai yawan magana ba. Mahaifinsa manomi ne, ya so ɗansa ya gaje shi, shi kuwa tun yana ƙarami hankalinsa na kan duk abin da ke aiki da batir. Da ya gama sakandare sai ya tafi Kano koyon gyaran waya. Bayan ya ɗan zauna ne ɗan kawunsa Maharazu, mutumin Kibiya, ya biyo shi.

Taubasai ne, kuma ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun tsokani juna ba. Shitu ya ɗan girme shi. Shi ya nema masa wajen kwana a Kano, shi ya kai shi wurin ubangidansa, shi ya fara nuna masa yadda ake buɗe waya ba a fasa gilashinta ba. Maharazu yakan manta da wannan, amma Shitu bai taɓa mantawa ba.

Da gyaran waya ya yi musu yawan masu yi, sai kowannensu ya koma gida ya buɗe gidan gem, wato shagon buga ƙwallo a talabijin. Shekaru suka yi ta tafiya babu abin da ya haɗa su. Rano ta fi Kibiya jama'a, shagon Shitu ya fi cika, kuma hakan ya yi masa daidai. Ya auri Kulu, suka haifi 'yarsu Hidaya. Kulu takan aiko da zoɓo da awara shagon da yamma, samari su saye tas. Da damina Shitu yakan je Saji da safe ya duba gonar gyaɗar da mahaifinsu ya bar masa, ya dawo kafin la'asar ya tayar da injin wuta.

Wata shekara bayan ƙaramar salla sai ya lura bencinan shagonsa sun fara zama babu kowa. Ba duka aka watse ba, amma manyan 'yan wasan da ke jawo 'yan kallo sun rage zuwa. Ya ɗauka zafi ne ko rashin kuɗi. Sai ranar da Adnan ya leƙo, ɗan wasan gaba na wani kulob ɗin cikin gari, wanda da can kullum yana shagon.

"Yaya Shitu, kwanan nan ka je Kibiya kuwa? Maharazu ya saka mu a cikin gem."

"Ya saka ku kamar yaya?"

"Mu ɗin nan dai. Ni da rigata, da fuskata, har da wannan tabon na goshina. Kulob ɗinmu da na Kibiya. Jiya ina zaune a benci, ga ni kuma ina gudu a talabijin. Da kaina na ci su."

Shitu ya yi murmushi ya ce abu ya yi kyau. Da Adnan ya fita sai ya zauna yana kallon turawan da ke gudu a talabijin ɗinsa, waɗanda ya shekara da shekaru yana kallo bai taɓa jin sun gundure shi ba sai ranar.

Washegari ya hau babur ya ce zai je gaida kawunsa. Ya gaida shi kuwa, a gurguje, sannan ya biya ta shagon Maharazu. Tun daga nesa ya hango babura a jere, kuma ya gane da yawa daga cikinsu na 'yan Rano ne. A ciki ana ta ihu. Kulob biyu kacal Maharazu ya ƙara a kan waɗanda gem ɗin ya zo da su, amma a kan waɗannan biyun ake layi.

"A'a, yau taubashi ne da kansa," in ji Maharazu yana dariya. "Ka zo ɗaukar darasi ne? Zauna, ba na karɓar kuɗin makaranta daga tsofaffi."

"Na zo in ga abin da ɗalibina ya ɓata ne," in ji Shitu.

Maharazu ya nuna masa komai, bai ɓoye ba: yadda ya ɗauki hoton 'yan wasa, yadda ya gyara fuska a kwamfuta, yadda ya zana riguna. Ya ce abin bai ɗauke shi lokaci mai yawa ba, kuma in Shitu yana so zai ɗora masa a filash, 'yar ma'ajiyar nan ta kwamfuta, ya tafi da shi yanzu. Wannan tayin ne ya fi komai ƙona wa Shitu rai. Da Maharazu ya yi rowa, da ya sami abin faɗa. Shitu ya ce a bar shi, yana da nasa shirin.

A gida ya ba Kulu labari yana taɓe baki, ya ce ai abin ba wani abu ba ne, hoto ne kawai aka manna. Kulu tana tace waken awara ta ce, "Amma dai Maharazu akwai kai. Tun yana yaro haka yake."

Shitu ya tashi ya ba ta wuri. Abincin ma kaɗan ya ci.

Cikin 'yan kwanaki ya sayar da ragon da suke kiwo don layya, ya je Kano ya sayo tsohuwar kwamfuta. Ya koyi abin da ya rage masa ta bidiyo a waya. Shirinsa shi ne, tunda Maharazu ya saka kulob biyu, shi zai saka duk kulob ɗin da ke ƙasar Rano, na cikin gari da na ƙauyuka, kowa da rigarsa da fuskarsa. Zai mayar da filin ya yi kama da filin makarantar firamare inda ake buga gasar unguwanni, har da bishiyar darbejiyar da ke bayan raga. Kuma zai cire muryar baturen da ke sharhi ya saka Hausa. Kulob ɗaya ne ya yanke ba zai saka ba, na Kibiya.

Aikin ya fara da daɗi. Shitu yakan fita da safe da wayarsa ya bi 'yan wasa har wurin sana'arsu, wannan a wurin faci, wancan a kan keken ɗinki, ya ce su tsaya kada su yi dariya. Labari ya bazu, ana tare shi a hanya ana tambaya yaushe za a gama. Ya ware talabijin ɗaya da na'urar gem ɗaya don gwaji, shagon ya koma aiki da saura.

Daga nan matsala ta fara fitowa ta inda bai zata ba. A cikin gem kowane ɗan wasa yana da maki na gudu da na ƙarfin bugu da na iya yanka, kuma Shitu ne zai rubuta. Wani mai tsaron baya mai suna Shamsuddeen ya ji an ce an ba shi gudu kaɗan, ya zo shagon fuska a murtuke.

"Yaya Shitu, ni ne ka mayar kunkuru? Wa ya taɓa wuce ni a filin nan?"

"Kowa ma," in ji wani daga benci, aka yi dariya.

Shitu ya ƙara masa maki don a zauna lafiya. Washegari mutum uku suka zo da irin wannan ƙorafi. Sannan 'yan Lausu suka aiko a tambaya me ya sa aka saka Saji aka bar su, ko don Saji garin mai shago ne. Ya saka Lausu. Da ya saka Lausu sai ƙaramin kulob ɗin Lausu ya ce shi ma yana nan. Wani ɗan wasa ya yi faɗa da kocinsa ya koma wani kulob, dole a cire masa riga a saka masa wata. Wani attajiri ya saya wa 'yan unguwarsu sababbin riguna, aikin mako guda ya tashi a banza. Duk abin da ya ƙara sai ya haifo wani abin da za a ƙara.

Ana cikin haka ruwa ya sauka. Yayansa Habu ya aiko daga Saji cewa ciyawa ta fara cin gyaɗa. Shitu ya ce yana zuwa. Aka sake aikowa, ya sake cewa yana zuwa. Da Habu ya zo da kansa ya same shi a gaban kwamfuta yana gyara hancin wani gola, ya tsaya ya dube shi ya ce, "Shitu, wannan hancin za ku ci da rani?" Shitu ya je ya yi noma ɗaya a makare, bai koma ba.

Ɓangare ɗaya ne na aikin yake yi da farin ciki, wato sharhi. Shitu yana da murya mai kauri da daɗin sauraro, abin da mutane da yawa ba su sani ba saboda shirunsa. Da hantsi, bayan Hidaya ta tafi makaranta, yakan shiga ɗaki ya rufe taga da bargo, ya riƙe waya kusa da baki. Kowane suna sai ya faɗe shi iri-iri: a hankali in ɗan wasa ya karɓi ƙwallo, da ƙarfi in ya doshi raga, da takaici in ya zubar. "Ta wuce ta saman raga, sai a nemo ta a gonar dawa." "Gola ya kama, ya rungume kamar jaririnsa." Kulu takan tsaya a tsakar gida tana dariya ƙasa-ƙasa, tana korar zakara kada ya yi cara a cikin aikin.

Wata ranar kasuwa wani saurayi Bafulatani mai suna Alu ya shigo shagon da sandarsa a kafaɗa. Rugarsu na bayan Lausu, sun daɗe da zama har suna noma. Ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa.

"Malam Shitu, an ce kana saka masu ƙwallo a talabijin. Mu ma muna bugawa da yamma in an dawo da shanu."

"Mene ne sunan kulob ɗinku?"

"Ba mu da suna."

"Riga fa?"

"Kowa da tasa."

Shitu ya buɗe baki zai ce aikin ya yi masa yawa, sai ya tuna Maharazu ba shi da wani abu mai kama da wannan, kuma ba zai taɓa tunaninsa ba. Ya ce zai zo. Ya je kuwa, aka shimfiɗa masa tabarma, aka dama masa fura da nono mai kauri, samari suka yi layi suna gyara hula. Ya raɗa musu suna Matasan Ruga, ya zana musu koriyar riga.

Sai bayan kaka ya ce ya gama. Ranar da aka buɗe, shagon ya cika har waje, wasu suna leƙe ta taga. Shitu ya sa sabuwar riga. Ya so a ce Maharazu yana wurin, ya kuma ji daɗin da ba ya nan.

Aka kunna, talabijin ta yi baƙi ta tsaya. Aka jira. Inji yana ta shan mai a waje. Da kyar hoto ya fito, aka yi tafi da aka ga darbejiya a bayan raga, aka yi shewa da muryar Shitu ta yi sallama ta ce ga 'yan wasa nan sun shigo fili. Amma kayan sun yi wa na'urar nauyi. 'Yan wasa suna gudu kamar a cikin taɓo. Da yake kowa ya sa an ƙara masa maki, babu mai wuce wani, mai tsaron baya da ɗan gaba duk gudunsu ɗaya. Adnan ya yanke mutum biyu ya ɗaga ƙafa zai buga, sai hoton ya daskare, ƙafarsa a sama. Aka kashe aka kunna, aka sake jira.

Da abin ya ɗan daidaita, Adnan ya riƙa bin jerin kulob-kulob ɗin yana wucewa, ya kai ƙarshe ya dawo farko.

"Yaya Shitu, ina Kibiya?"

"Babu. Wannan na ƙasar Rano ne."

"To da wa za mu buga? Mu fa daɗin abin shi ne mu ci Kibiya."

Babu wanda ya yi masa rashin kunya. An buga 'yan wasanni, kowa ya nemo fuskarsa ya nuna wa abokinsa, ya ɗauka a waya. Amma mutum in ya ga kansa sau ɗaya ya gani. Yawancin kulob ɗin da Shitu ya sha rana a kansu ba a taɓa zaɓarsu sau biyu ba. Cikin mako guda babura suka ci gaba da bin hanyar Kibiya.

Gyaɗar da aka roro daga Saji ba ta taka kara ta karya ba. Ranar da aka kawo ta Kulu ta dube ta a tsakar gida, ta dubi mijinta.

"Baban Hidaya, ni ban san gem ba. Amma na san ba don samarin nan ka yi wannan aikin ba, don Maharazu ka yi. Shi kuma yana can yana barcinsa, bai ma san kuna gasa ba."

Shitu ya ce ba ta gane ba ne. Ya fita ya zauna a shago tun kafin lokacin buɗewa.

Waɗanda ba su daina zuwa ba su ne Matasan Ruga. Duk ranar kasuwa, in sun sayar da abin da suka kawo, sai su cika benci. Jiran na'ura bai dame su ba, in ta daskare su yi ta hira da Fulatanci har ta dawo. Ba sa zaɓar kowa sai kansu. Wata rana Alu ya zo da baffansa, dattijo mai farin gemu wanda bai taɓa shiga irin wannan wuri ba. Ya ƙi zama, ya tsaya ya dogara da sanda. Da muryar cikin talabijin ta kira sunan Alu, ta ce ga ɗan ruga nan ya taho kamar an saki maraƙi, dattijon ya matso ya ƙura ido, ya dubi Alu na benci, ya dubi na talabijin, ya yi dariya har hularsa ta goce. Da zai tafi ya riƙe hannun Shitu ya daɗe yana sa masa albarka.

Ba a jima ba Maharazu ya zo Rano ɗaurin aure, ya biyo shagon. Ya zauna ya buga wasa guda, ya saurari sharhin har ƙarshe bai tsokani kowa ba.

"Taubashi, na'urar nan ba za ta iya ɗaukar wannan lodin ba, ka ɗora wa jaki kayan tirela. Amma muryar nan, wallahi ban taɓa jin irinta ba. Ni ba zan iya ba ko shekara zan yi. Ka ba ni ita, in ba ka Kibiya, in taya ka rage kayan."

Shitu ya ji daɗin yabon, ya kuma ji haushin cewa daga bakin Maharazu ya fito, kamar malami yana yaba wa ɗalibi. Ya ce zai yi tunani. Ya yi kwanaki yana tunanin, yana kallon bencinan da babu kowa. Daga ƙarshe ya kira Maharazu.

Sun zauna tare suka yi ta gogewa. Kowane kulob da za a cire sai Shitu ya tuna ranar da ya sha a kansa, ya ce a bar wannan, Maharazu ya ce wa ya taɓa zaɓarsa. Aka bar manyan kulob na cikin gari, da Saji, da Lausu, da Matasan Ruga, aka shigo da Kibiya. Aka mayar da makin kowa yadda Allah ya yi shi, Shamsuddeen ya koma kunkurunsa ya yi fushi na ɗan lokaci. Waɗanda aka goge sun yi ƙorafi, wasu har yau ba sa gaida Shitu da sakin fuska. Amma gem ɗin ya tashi da sauri, kuma samarin Rano suka dawo, don yanzu suna iya cin Kibiya ba tare da sun ƙona mai ba.

Da a nan abin ya tsaya da Shitu ya huta. Sai labari ya fara zuwa cewa gem ɗin Maharazu yana magana da Hausa, har daga garuruwan da ke gaba da Kibiya ana zuwa ji. Gem ɗin Maharazu, haka ake faɗa. Shitu ya daure, ya daure, wata yamma ya bar shagon a rufe, ya ce zai je gaida kawunsa, ya tafi Kibiya.

Ya shiga shagon Maharazu ya zauna a bencin baya, babu wanda ya kula shi. Maharazu ya sayi babbar lasifika, muryar tana fita tas, ta fi yadda take fita a Rano kyau nesa ba kusa ba. Shitu ya zauna yana jin kansa yana cika shagon wani. Wani saurayi a gabansa ya ce wa na kusa da shi, "Maharazu gwani ne. Ko ina ya samo mai sharhin nan? Ka ji murya, wannan daga gidan rediyo ne."

Maharazu ya ji. Ya nuna bencin baya da hannun gem ɗin da ke hannunsa. "Ga gidan rediyon can a zaune. Yayana ne, daga Rano. Shi ya koya mini buɗe waya."

Aka juyo gaba ɗaya. Aka ce sai ya yi musu ɗaya a nan take. Shitu ya ƙi, aka matsa, ya gyara murya ya ce ƙwallo ta wuce ta saman raga, sai a nemo ta a gonar dawa. Shagon ya kaure da tafi, wani ya kawo masa lemo mai sanyi.

Ya dawo Rano dab da magariba. Kulu ta tambaye shi yadda ya samu su kawu. Ya ce lafiya lau, sai dai Maharazu ya sa sola, ba ya sayen mai, kuma fankokinsa har biyu.

Yanzu in ana gasar unguwanni a filin firamare, Shitu ake ba lasifika ya yi sharhi, kuma yara kan bi shi a hanya suna kwaikwayon muryarsa. Shagonsa yana cika daidai gwargwado. Bai sake ƙara kulob ko ɗaya ba, in an roƙe shi yakan ce na'ura ta ƙoshi. Amma duk ɗan acaɓan da ya sauke fasinja daga Kibiya ya tsaya shan zoɓo a ƙofar shagon, Shitu zai gaishe shi, ya tambayi hanya, ya tambayi ruwan sama a can, sannan ya sassauta murya kamar abin bai dame shi ba.

"Ka biyo ta wajen Maharazu? Da mutane?"

In aka ce da mutane sosai, sai ya ce madalla, ya tashi ya shiga ciki ya hau goge talabijin.